Tasalla da Dummin Gurbin Marke

A Gwandu aka haifi Tasalla, a gidan masaƙa da ke bayan kasuwa. Ubanta saƙa, uwarta kaɗi, yayanta Lawal kuwa tun yana ƙarami aka ba shi ga karatu. Har ta yi aure ta haifi 'yarta Huseina, ba ta taɓa ganin kifi yana motsi ba. Wanda ta sani shi ne na banda, baƙi, a lanƙwashe, wanda ake ɓarewa a jefa cikin miyar kuka. A wurinta duk kifi kifi ne.

Mijinta na fari ya rasu a shekarar da Turawa suka shigo ƙasar, ta koma gidan ubanta da goyo. A zauren gidan nan ne wani masunci daga Kalgo, Abdulgani, yake sauka duk lokacin da ya kawo banda kasuwar Gwandu. Mutum ne dogo, mara yawan magana, mai faso a ƙafa irin na wanda ya tashi cikin ruwa. Ya yi shekara biyu yana cin tuwon hannunta a zaure kafin ya yi wa ubanta magana. Da aka tambaye ta, ta ce ta yarda. Lawal ne kawai ya ga abin bai yi masa ba.

"Ke da ko rijiya kina tsoron leƙawa, mi za ki yi bakin gulbi?" in ji shi.

"Abin da matan can ke yi, Yaya. Su ma ba da sani anka haife su ba."

Kwana biyu suka yi a hanya da jakuna, suka bi ta Kambaza, suka sauka Kalgo da la'asar. Da ta hango gulbi shimfiɗe a cikin fadama, sai ta ƙanƙame Huseina, ta ƙi matsawa kusa.

Uwar Abdulgani, Indo, ita ce babbar mai banda a unguwar masunta. Kwana bakwai da tarewa, ta kira amarya bayan gida inda murhun banda yake, ta nuna mata tulin kifin da aka juye a kan tabarma.

"Ɗiyata, raba mini su. Kowane ki sa shi wurin 'yan'uwanshi."

Tasalla ta durƙusa, ta raba su gida biyu, manya a nan, ƙanana a can. Matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar suke kiranta Ta-Gwandu. Indo ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera, ta ɗauko kifi ɗaya, ta juya shi ciki sama.

"Dubi bakinshi. Yana ƙasa, ga leɓe mai kauri kamar na jaki. Wanga shi ne dummi. Ba ya farautar kowa, laka da gansakuka yake lasa. Ki fara sanin shi, sauran za su zo."

Ta nuna mata farin dummi, mai walƙiya, wanda ke son wurin yashi, kuma shi ke rigan kowa lalacewa in an bar shi a rana. Ta nuna mata baƙin dummi, mai nauyi, mai zama cikin zurfi tsakanin saiwoyi. Ta ɗago wani mai manyan ɓawo rawaya da 'yan gashin baki, ta ce wannan ɗorawa ke nan, dangin dummi ne, kuma shi ke yaga koma in ya fusata. Koma ita ce ragar hannu mai baki biyu da masuntan Kalgo suke shiga ruwa da ita.

Tasalla ta ji kunyar dariyar nan ƙwarai, kuma kunyar ce ta sa ta naci. Sauran mata suna fiɗa suna hira, ita tana fiɗa tana duba. Duk kifin da ta tsaga sai ta ga abin da ya ci, ta ga ko yana da ƙwai, ta tambayi mijinta a ina aka kamo shi. Abdulgani tun yana amsawa da kalma ɗaya har ya koma yana zama gefen murhu yana kwatanta mata gulbin lungu lungu. A shekara ta uku ta iya shiga ruwa har ƙirji. A ta biyar, in aka miƙa mata dummi idonta a rufe, tana shafa bayansa za ta faɗi ko wane ne.

A cikin wannan dube-duben ta gano abin da ya fara fito da sunanta. Akwai wani ɗan kifi, bai fi tsawon tafin hannu ba, wanda ke manne wa marmara a inda ruwa ke gudu, sama da gari kaɗan. Kowa ɗan dummi yake ce masa, wai 'ya'yan baƙin dummi ne da ba su girma ba. Wata bazara Tasalla ta tsaga ɗaya, ta tarar da cikinsa cike da ƙwai. Ta tsaga na biyu, haka. Ta tara guda goma a faifai ta kai wa Indo.

"Inna, jariri na ɗaukar ciki?"

Indo ta karɓi faifan ta duba. Ta ce shekararta arba'in tana banda, ba ta taɓa damuwa ta tsaga waɗannan ba, ɗungurungum ake gasa su. Da Abdulgani ya kai maganar bakin ruwa, maza suka ce Ta-Gwandu ta fara koya wa masunta kifi. Amma Sarkin Ruwa Tambari, shugaban masuntan garin, tsoho ne mai son sanin gaskiyar abu. Ya sa aka kamo masa ɗan baƙin dummi na ainihi, ya jera shi da wancan a kan tafinsa. Ya ga na marmara ya fi siranta, ga ratsi baƙi a gefensa tun daga kunne har wutsiya.

"Matar nan ta yi gaskiya," in ji Tambari. "Wanga iri nai daban. Mu munka tsufa ba mu duba ba."

Daga nan aka koma ce masa dummin marmara. Iri uku da Kalgo ta sani suka zama huɗu.

Shekarar 1913 ruwan sama ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Gulbi bai hau fadama ba, shinkafa ta ƙone a tsaye. Kafin tsakiyar rani gulbin ya tsinke, ya zama gurabe, nan ruwa, can yashi, mutum ya ƙetare da ƙafa bai jiƙa wando ba. Da bazara ta kama, yunwa ta shiga kowane gida. Mata suna tonon saiwar bado a cikin laka, ana dafa ganyen da a da awaki kaɗai ke ci. Mutanen tudu suka gangaro bakin gulbi iyali iyali. A cikinsu har da Lawal da matarsa da 'ya'yansu uku, sun taso daga Gwandu da ƙafa, littattafansa a cikin gafaka. Tasalla ta gane shi ne da murya, don rama ta sauya masa kama.

Ƙananan gurabe duk an kwashe kifinsu. Wanda ya rage a Kalgo shi ne Gurbin Marke, mai zurfin gaba uku, a ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar marke. Duk kifin da ya tsira daga wannan yanki na gulbin can ya taru. Zurfinsa da saiwoyin da ke ƙasa sun sa koma ba ta kama da yawa, kuma tun kakanni ba a shigarsa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Ana cikin haka aka aiko daga wani ƙauye da ke sama da Kalgo, tafiyar rabin yini, ana neman mata masu banda su zo taimako. Mutanen can sun daka magimfa, ganyen nan mai kashe kifi, sun zuba a nasu gurbin. Tasalla na cikin waɗanda suka je. Tun daga nesa wari ya tare su. Ruwan ya yi fari fat da cikin kifi, manya da ƙanana, har waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Mutanen ba su da ƙarfin kwashewa, ba su da itacen da zai ishi banda. Ta yi kwana uku tana fiɗa har hannunta ya kumbura, kuma kusan duk dummin da ta tsaga ƙwai ne ke zubowa. Abin da aka ceta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran ungulaye suka ci. Gurbin kuma ya ruɓe, ko dabba ba ta sha.

Ta dawo gida ta tarar ana shirin yin haka a Gurbin Marke. Wanda ya kawo shawarar shi ne Ɗanjuma, masunci mai ƙwazo, ba mugun mutum ba. A cikin wata guda ya binne 'ya'yansa biyu. Maza da yawa suna bayansa, kuma an sa ranar taro a ƙofar Sarkin Ruwa bayan sallar azahar.

"Malam, ka faɗa musu abin da na gani," ta ce wa mijinta.

"Ni ban gani ba. In sunka tambaye ni yawan da ya ruɓe, mi zan ce?"

Mata ba sa zuwa irin wannan taro. Indo ce, tana kwance don rauni, ta ce a tashe ta. "Ni na tsufa, ba mai korata. Ki riƙe ni, ke sandata ce. In mun isa, sandar ta yi magana."

Haka suka je, tsohuwa na dafe da kafaɗarta, ita kuma tana riƙe da faifai a rufe. Maza suka juyo suna kallonsu. Tasalla ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaida Sarkin Ruwa.

"Ranka shi daɗe, ban zo gardama da maza ba. Abu na kawo a duba."

Ta buɗe faifan. Baƙin dummi ne guda, wanda Abdulgani ya kamo da safe a bakin gurbin. Ta tsaga shi a gabansu, ta zaro jakar ƙwan, ta shimfiɗa a kan faifai. Ta faɗi abin da ta gani a ƙauyen can, kwana nawa suka ci, nawa ya ruɓe, da yadda ruwan ya koma. Ta ce duk dummin da ke Gurbin Marke yanzu haka cikinsu yake, jiran ruwan fari kawai suke yi su hau fadama su zuba.

Ɗanjuma ya miƙe. "Ta-Gwandu, ƙwai kike nuna muna? Ni 'ya'yana na sa cikin ƙasa. Wa zai kai baɗi balle ya ci abin da ke cikin ƙwan nan?"

"Allah shi jiƙan su, Ɗanjuma. Ni na yi wa ƙaramar wanka, ban manta ba. Amma in kun zuba magimfa, kwana huɗu za ku ƙoshi. Ran na biyar ba kifi, ba ruwan sha, kuma damina da saura wata biyu. In kuwa an bi shi da koma kaɗan kaɗan, kullum akwai abin sa wa yara a baki har ruwa ya sauka."

Wani ya ce koma ba ta kai ƙasan gurbin. Abdulgani, wanda ba a saba jin bakinsa a taro ba, ya ce shi zai nutsa ya koro su daga cikin saiwoyi, in an samu mutum biyar su bi shi. Lawal, baƙo ne amma an san malami ne, ya ce shi bai san kifi ba, abin da ya sani shi ne kashe abin da ba za a iya ci ba ɓarna ce, kuma yunwa ba ta halatta ɓarna.

Tambari ya shafa gemu. Sannan ya yanke: ba magimfa. Za a shiga gurbin Litinin da Alhamis, a raba abin da aka samu gida gida, har da baƙi. Tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu, duk a ɗauka. Dummi namiji a ɗauka. Mace mai ƙwai a mayar.

"Wa zai bambance mace da namiji kifi na da rai?" in ji Ɗanjuma.

Tambari ya nuna Tasalla da haɓa. "Ga ta nan."

Wannan aiki shi ne mafi wuya da ta taɓa yi. Ranar shiga ruwa takan zauna a gindin marke, ƙafafunta cikin ruwa, kowa ya fito sai ya bi ta gabanta. Ta karɓi dummi, ta shafa cikinsa da babban yatsa, ta miƙa wa mai shi ko ta sake shi cikin ruwa. Mutanen da suka yini ba su ci ba suna tsaye suna kallon kifi yana komawa. An zage ta. Wata mata ta ce mata da gani ba a garin aka binne cibiyarta ba. Matan da suke zuwa hira wurin murhunta suka daina. Ba ta rama wa kowa, sai in ta koma gida ta shige ɗaki ta yi kukanta.

Wata Alhamis Abdulgani ya fito da ɗorawa wadda tsawonta ya kai hannunsa, irin wadda ake shekara ba a ga kamarta ba. A lokacin Indo ba ta iya tashi, romo kawai take sha. Ya miƙa wa matarsa kifin. Duk bakin gurbin aka zuba mata ido. Ta shafa cikin, ta ji shi tim. Ta ɗaga kai ta dubi mijinta, shi kuma ya kawar da fuska. Ta sunkuya ta sake ta. Ɗorawar ta yi jim a cikin ruwa, ta kaɗa wutsiya ta nutse.

Daga ranar zagin ya ragu. Da ta gaya wa Indo abin da ta yi, tsohuwar ta ce, "Da kin kawo ta gidan nan, da ban sha ba."

Akwai kuma dummin marmara. Wurin da suke zama ya kusa ƙafewa, sai 'yan kwatami tsakanin duwatsu, ruwan ya yi zafi, tsuntsaye na tsince su. Ba wanda ya sa ta, Tasalla ta ɗauki tulu ita da Huseina da matar Lawal, suna kamo su da hannu, suna kawowa gefen Gurbin Marke inda wasu duwatsu suke cikin inuwa. Tafiya ce mai ɗan nisa ga mai jin yunwa. Sun yi sawu ya fi ashirin cikin kwana shida, kuma fiye da rabi sun mutu a hanya. Waɗanda suka mutu a gasa wa yara, masu rai a zuba. Mutane suka ce wannan kam wahalar banza ce, kifin da ko loma biyu bai kai ba. Ta ce ita dai ba ta so a ce a zamaninta aka san shi, a zamaninta kuma ya ƙare.

Indo ta rasu saura kwana tara ruwan fari ya sauka. Ƙaramin ɗan Lawal ma bai kai ba. Gurbin bai hana mutuwa shiga Kalgo ba, amma har ranar da hadari ya haɗu, ba a taɓa shiga an fito hannu wofi ba, kuma ruwansa ne garin ya sha, mutum da dabba.

Daminar 1914 ta yi kyau. Da gulbi ya cika ya haɗe gurabe, ya malala cikin fadama, Abdulgani ya zo da gudu ya kira matarsa. Suka tsaya a kan tudu suna kallon bayan dummi suna kutsawa cikin ciyawa, ruwa bai ko rufe su ba, garke garke. Tambari ya hana a taɓa su har kwana goma. Da kaka, lokacin da ruwa ya fara janyewa, 'ya'yan dummi sun yi yawan da in mace ta je ɗiban ruwa sai ta kore su da ƙwarya. Tasalla ta bi bakin fadama tana kamfata tana dubawa. Ta ga fari, ta ga baƙi, ta ga 'ya'yan ɗorawa. Na marmara ne ba ta gani ba, abin ya tsaya mata a rai. Sai da rani ya shigo, wata rana ta je kan duwatsun da kanta, ta ɗaga wani falalen dutse a cikin ruwa, ta ga guda uku manne da shi, da ratsinsu. Huseina ta ce ba ta taɓa jin uwarta ta yi guɗa ba sai ranar.

A ƙauyen da aka zuba magimfa, tarwaɗa ta dawo da wuri, don ita ba ta da wuyar sha'ani. Dummi kuwa sai da aka shekara biyar kafin su riƙa samunsa kamar da, ɗorawa ta fi haka daɗewa. Masuntan can har Kalgo suke gangarowa su roƙi a bar su su jefa koma.

Shekara biyu bayan yunwar, wata safiya Tasalla na hura murhu, sai ta ji sallama. Ɗanjuma ne, da baƙin dummi ƙato a kafaɗa. Tun ranar taron nan bai sake yi mata magana ba. Ya ajiye kifin a kan tabarma.

"Namiji ne, na duba," in ji shi. "Ki duba kuma in ban iya ba."

Ta shafa, ta ce ya iya. Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce a gaida maigida, ya fita. Daga baya shi ne ya fi kowa tsanani a kan dokar gurbin. Ya taɓa kwana biyu yana bin sawun wasu baƙi da aka gani da damin magimfa, sai da ya raka su har bayan gari.

Dokar da aka yi don yunwa ba a tashe ta ba bayan yunwa ta wuce. Kowace bazara, kafin a buɗe Gurbin Marke, sai a kamo dummi guda a kai wa Tasalla. Ta tsaga ta duba ƙwan, ta ce a shiga, ko ta ce a ƙara kwana kaza. Tambari ya rasu, ɗansa Atiku ya gaje shi, shi ma bai sauya ba. Ba ta da sarauta, ba a taɓa naɗa mata komai ba. Bandarta take yi kamar kowace mace, hayaƙi ya rine mata tafin hannu, ya rage mata gani. Sai dai 'yan matan unguwa, da ma amaren da aka kawo daga tudu, a wurinta suke koyon fiɗa, kuma ba ta yarda a yi wa wadda ta yi kuskure dariya. Sunan Ta-Gwandu ya bi ta har tsufa, amma yanzu in an faɗe shi da girmamawa ake faɗa. Fatake daga Dalijan da Gwandu in sun zo sayen banda, sukan ce a ba su ta gidan Ta-Gwandu, don ita ba ta haɗa farin dummi da baƙi a kwando ɗaya.

Lawal ya koma Gwandu bayan yunwar, ya buɗe makarantarsa. Wajen 1924 ya zo Kalgo ziyara, ya zo da takarda da tawada. Ya ce ya rubuta sunayen malamai da na garuruwa da yawa, yana so ya rubuta abin da ƙanwarsa ta sani kafin su tsufa su duka. Suka zauna a inuwar rumfa da hantsi, ita tana tsaga kifi, shi yana rubutawa da ajami. Ya zaci abin rabin shafi ne. Ta fara da dummi huɗu, kowanne da inda yake kwana, abin da yake ci, watan da yake ɗaukar ƙwai, da irin itacen da ya dace da bandarsa. Kafin ta gama da ɗorawa shafi ya cika.

"Tasalla, duka wanga a kanki yake?"

"To ina zan aje shi, Yaya? Rubuta. Ba mu zo kan ƙurungu ba, shi ma iri biyar ne."

Kwana uku suka yi. Ya karanta mata abin da ya rubuta, ta gyara masa wuri bakwai. Da zai tafi ya tsaya a zaure, ya ce wa Abdulgani, a gabanta, shi ya yi shekara talatin yana karatu, amma bai san wani abu guda ɗaya ba kamar yadda matar nan ta san gulbi. Tasalla ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce ya bar zolayarta, rana na yi, jakinsa na jira.

Ta rasu da sanyin 1928, bayan zazzaɓin kwana shida, ba ta cika hamsin ba. Ranar ba wanda ya jefa koma a Kalgo. Masunta daga ƙauyuka huɗu na bakin gulbi suka zo jana'iza, har da na ƙauyen da ta taɓa zuwa taimakon banda. Ɗanjuma na cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma ya ƙi yarda a karɓe shi har aka isa kushewa.